Zaman Iyali: "Ni Za Ni Gida"

A wannan wata zancenmu a kan tsofaffi ne, waɗanda akan ce sun ruɗe, ko kuwa gigin tsufa ya kama su. A Jibiya za mu yi zancen, bakin iyakar Jihar Katsina da ƙasar Nijar, gama a can abin yana da wata fuska wadda ba a cika gani a sauran garuruwa ba.

Wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san wurin. Ga Magama inda shingen kwastan yake, ka wuce nan sai Ɗan Isa, daga can sai Maraɗi. Mutanen wannan gefe da na wancan gefe dangi ne. Sa'ad da aka yi jihadi, sarakunan Katsina na dā suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har wa yau Sarkin Katsina ake ce da mai sarautar Maraɗi. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakani, suka daidaita a kansa a 1906, amma layin bai hana aure ba, bai hana cin kasuwa ba, bai hana zuwa suna da ta'aziyya ba. Gidaje da yawa a Jibiya, in ka tambayi inda aka haifi kakarsu, sai a nuna maka arewa.

To, a ce an auro yarinya daga wani ƙauye na wajen Madarunfa a 1962, tana da shekara 15. Ta haihu a Jibiya, ta aurar, ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne, mijinta ya rasu. Yau ta kusa 80. Kwanakin baya aka lura tana yin tambaya ɗaya sau goma. Sai ta ci tuwo ta ce an hana ta abinci. Ta ɓoye kuɗinta cikin tulu, ta manta, ta ce surukarta ce ta ɗauke. Sa'an nan aka shiga wani sabon hali: kullum da la'asar sai ta ɗaure 'yan tsummokinta, ta ɗora a ka, ta ce, "Ni za ni gida, Inna na jirana." Innar nan kuwa ta yi shekara 40 a ƙasa. Ɗanta ya ce, "Haba Inna, ai nan ne gida." Ta dube shi kamar baƙo. Ran da aka yi sakaci da ƙofa, sai a tsince ta a bakin kwalta, ta doshi Magama.

Me ya same ta? Waɗansu za su ce tsufa ne. Waɗansu su ce iska ce, ko sammu. Waɗanda ba su san ta ba kuwa, in sun gan ta da magariba a ƙofar gidan da yaro yake kwance ba lafiya, akwai wata kalma mai muni a bakinsu. Za mu zo kanta.

Amsar likitoci ita ce ciwo ne, ciwon ƙwaƙwalwa, kamar yadda akwai ciwon hanta da na ƙoda. A 1906, shekarar nan da Turawa suke ta ja-in-ja a kan iyakarmu, wani likita a Jamus mai suna Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ya yi jiyya a Frankfurt, wadda ta mutu tana da shekara 55 bayan ta manta kusan kome. Ya tarar ƙwaƙwalwar ta tsotse, wani abu kamar dauɗa ya taru a ciki da kewayen ƙwayoyinta. Sunansa aka sa wa cutar. Cikin mutum 10 masu irin wannan ruɗewa, 6 ko 7 ita ce take damunsu. Akwai kuma wadda hawan jini yake jawowa, sa'ad da ƙananan jijiyoyin jini suka toshe a ka, sau da yawa bayan shanyewar ɓarin jiki.

Dalilin da ya sa tsohuwar take neman uwarta shi ne, cutar takan fara cin sashen ƙwaƙwalwa da yake ajiye sabon abu. Ku ɗauki rumbu. Damin da aka sa a ƙarshe, shi ake fara ɗiba. Na ƙasa shi ke daɗewa. Haka abin yake. Tuwon da ta ci ɗazu ya tafi. Sunan jikan da aka haifa bara ya tafi. A hankali shekarun aure ma su bi. Abin da ya rage a gindin rumbun shi ne ƙauyen da ta yi gaɗa, da rijiyarsu, da muryar uwarta. Sa'ad da ta ce za ta gida, ba ƙarya take yi ba, ba kuma raina gidan ɗanta ta yi ba. A cikin kanta shekararta 14, rana ta yi sanyi, ya kamata yarinya ta koma gida kafin a yi mata faɗa.

Kada wani ya ce kowane tsoho haka yake. Likitoci a Zariya sun gwada tsofaffi 322 a gidajensu, suka buga abin da suka samu a 2011: kusan 3 cikin 100 ne suke da cutar. Watau 97 suna nan da hankalinsu garau, suna raba gardama, suna lissafin gado. Tsufa dabam, wannan dabam. Amma fa yawan yana ƙaruwa, gama mutane suna daɗewa a duniya fiye da dā. Wani lissafi da aka buga a 2019 ya nuna masu cutar a Nijeriya sun tashi daga wajen 63,000 a 1995 zuwa wajen 318,000 a 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a 2021 akwai mutum miliyan 57 a duniya duka, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi irin namu.

Saboda haka ni sunan nan "gigin tsufa" bai kwanta mini ba. In ka ce gigin tsufa, ka riga ka gama magana, ba wanda zai nemi kuɗin mota zuwa asibiti saboda tsufa. Mutanen Japan sun ga haka. Kalmar da suke kiran cutar da ita tana da ma'anar wauta, sai gwamnatinsu ta sāke ta a 2004, aka sa wadda take nuna ciwo ne na fahimta. Shekara guda bayan haka suka fara koya wa talakawa, masu kanti da direbobi da 'yan makaranta, yadda za su gane mai cutar su taimake shi, aka riƙa ba wanda ya koya wani zobe mai ruwan lemo ya sa a hannu. Waɗanda suka koya sun wuce miliyan 10. Gidajen rediyonmu yanzu suna cewa "ciwon mantuwa". Bai faɗi abin duka ba, gama ba mantuwa kaɗai ba ce, akwai ɓatan hanya, da sākewar hali, da kasa lissafi. Duk da haka kalmar "ciwo" tana ciki, ita ce kuwa muke bukata.

Yanzu mu dubi abin da ya sa Jibiya ta fi wuya. A ƙauyen da kowa ya san kowa, tsohuwa in ta fita, yaro mai kiwo ma sai ya komo da ita. A bakin iyaka kuwa baƙi sun fi 'yan gari yawa a kan hanya. Ga manyan motoci, ga 'yan acaɓa masu gudu, ga shinge bayan shinge. Ba ta da takarda, ba ta iya faɗin sunan unguwarsu. In mai tausayi ya ɗauke ta a mota domin ta ce Madarunfa za ta, to, ta shiga wata ƙasa ke nan, da waɗansu hukumomi, da wani layin waya. An rufe iyakar a watan Agusta 1919? A'a, ba tarihi mai nisa ba ne, jiya-jiya ne: an rufe ta a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022, aka sāke rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris 2024. A irin waɗannan kwanaki mutane ta daji suke bi. Wa zai iya fahimtar da wadda ba ta riƙe maganar ɗazu cewa an rufe boda?

Ga kuma gudun hijira. Mutanen ƙauyukan Jibiya sun sha barin gidajensu saboda 'yan bindiga, kamar yadda mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin gari a 2022, waɗansu kuma daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka ƙetare zuwa ƙasar Maraɗi tun 2019. Mai ciwon mantuwa da sanin wuri yake rayuwa. Ƙafarsa ta san inda randa take, ta san hanyar bayan gida, ko da kansa bai sani ba. Ka ɗauke shi ka ajiye a ajin makaranta tare da mutum 50, ka raba shi da sandarsa ke nan. Iyalai da yawa za su gaya maka, "Ai lafiyarta ƙalau sai da muka yi gudu." Ciwon yana nan tun dā, gidan ne yake rufa mata asiri.

A nan ne kalmar nan mai muni take shigowa. Baƙuwar tsohuwa, kai ba ɗankwali, tana surutai, tana leƙa zauren mutane da duhu. Sai wani ya ce mayya ce. Kafin a ce haka, yara sun ɗebi duwatsu. A tsare ta a tambaye ta, "Ke kika kama kurwar yaron nan?" Ita kuwa ko me aka tambaye ta "I" za ta ce, don ta rabu da hayaniya. Sai a ce ta amsa da bakinta, a tilasta ta ta tsallaka mara lafiya. Jama'a, wannan amsa ba shaida ba ce. Da za ku tambaye ta ko ita ce ta gina Gobarau, da ta amsa. Yaron nan da yake kwance kuwa, zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, kowace sa'a da aka ɓata a kan tsohuwa, daga ransa aka cire ta.

Abin ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A arewacin Gana akwai unguwanni, irin ta Gambaga, inda matan da aka kora da sunan maita suke zaune. A Namibiya wani fasto mai suna Berrie Holtzhausen ya tarar da wata tsohuwa 'yar kabilar Himba a 2012, danginta sun ɗaure ta da sarƙa wajen shekara 20 don tsoron maita. Ya zauna da dangin, ya bayyana musu ciwo ne, aka kwance ta, ya kuma riƙa bin ƙauyuka yana wannan bayani. A 2021 majalisar kare hakkin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke shawara a kan cutar da mutane da sunan maita. Mu kuwa, kundin dokar hukunci na Arewa wanda ya fara aiki a 1960 ya riga ya sa kiran mutum maye cikin laifuffuka. Doka tana nan, sanin ta ne ya yi ƙaranci.

Wani zai ce halin mutane ba ya sākewa. Tsofaffin Katsina da na Maraɗi sun san ba haka ba ne. Su tuna yadda ake gudun kutare a dā, da abin da aka riƙa faɗi a kan Babbar Ruga kusa da Katsina, da asibitin Danja a kan wannan hanya ta Maraɗi. Da magani ya samu, aka kuma yi ta bayani shekara da shekaru, tsoron ya ragu ƙwarai. Bambancin dai shi ne, kuturta tana warkewa, ciwon mantuwa kuwa har yanzu ba a sami abin da yake warkar da shi ba. Akwai ƙwayoyin da sukan sassauta shi na ɗan lokaci ga waɗansu. Wanda ya ce muku yana da maganin da zai kawar da shi ɗungum, kuɗinku yake so.

Duk da haka a kai su asibiti, ko na Jibiya, ko babban asibitin tarayya na Katsina. Gama ba kowace ruɗewa ce wannan ciwo ba. Tsohon da yake lafiya jiya, yau ya tashi bai san kowa ba, wannan zancen gaggawa ne: zazzaɓi, ko ciwon mafitsara, ko sukari ya faɗi, ko ƙishirwa a kwanakin bazara, duk suna kawo haka, suna kuwa jin magani. Wani kuma kunne ne ya toshe, ana ta cewa ya ruɗe. Ku kuma masu shekara 40 da 50, ku riƙa auna jini. Taron masana da mujallar likitoci ta Lancet ta tara ya ce a 2024, kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon yana da nasaba da abubuwan da za a iya gyarawa, irin su hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da rashin ji, da zaman kaɗaici.

To, in ba magani, me ya rage? Gindin rumbun nan ya rage, akwai kuwa hatsi a ciki.

Waɗanda suka yi jiyyar irin waɗannan tsofaffi sun daɗe da lura da wani abin mamaki. Wadda ba ta san sunan 'yarta ba, in aka ɗauko waƙar da ta yi tana budurwa, sai ta karɓa, baiti bayan baiti, ba tuntuɓe. Masu bincike a Jamus sun nuna dalili a 2015: sashen ƙwaƙwalwa da yake riƙe waƙar da mutum ya daɗe da sani yana cikin waɗanda cutar take jinkirin taɓawa. A Ingila tun 2003 aka fara tara masu cutar da masu jiyyarsu, mako mako, ba don kome ba sai don su yi waƙa tare. A Amurka wata mata mai suna Anne Basting ta ɓullo da wata dabara a 1998. Ta ga tambayar "kin tuna?" ba ta haifar da kome sai kunya da fushi. Sai ta riƙa nuna musu hoto ta ce su ƙaga labari a kansa. Ko me suka faɗa daidai ne, a rubuta, a karanta musu. Mutanen da suka yi watanni shiru suka buɗe baki. A nan gida ma, a Lalupon kusa da Ibadan, likitoci sun gwada tara tsofaffi ƙungiya ƙungiya, ana hira da waƙa da wasanni irin na gargajiyarsu.

Da na karanta waɗannan sai na ce, ashe abin da Turawa suka sha wahala suka gano, yana nan zube a tsakar gidanmu. Muna da waƙar niƙa da ta daka, da ta daɓe, da ta gaɗa, da ta reno. Muna da tatsuniya, wadda ba mai cewa ka yi kuskure in Gizo ya bi wata hanya dabam yau. Muna da kacici-kacici, da kirarin gari, da lissafin dangi, wane ya haifi wane. Tsohon da ya yi tuƙi ko dako a kan wannan hanya, ku sa masa Mamman Shata a waya ku ga yadda ƙafarsa za ta motsa. Tsohuwar da ta yi zamanin kiɗan ƙwarya, ku kifa ƙwarya cikin ruwa, ku sa mata Barmani Coge. Wanda ya tashi da waƙoƙin sujada, ko da karatun allo, nan ne ƙofarsa. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani.

Hannu ma yana da nasa tunanin. Ku ba ta wake ta tsince, ko gyaɗa ta ɓare, ko auduga da mazari, ko kaba ta yi faifai. Faifan ya karkace, ba kome, a karɓa a yi godiya, a rufe ƙwarya da shi a gabanta. Mun saba cewa, "Inna ku huta, kun yi naku." Da kyakkyawar niyya muke faɗi, amma wanda aka hana kowane aiki, an gaya masa ba shi da amfani ke nan. Da la'asar ɗin nan da take ɗaure kaya, lokacin da ta saba tashi ta hura wuta ne shekara 60. Jikinta yana neman abin yi.

Ga kuma jikoki. Wasan da yake tsakanin kaka da jika wata baiwa ce da ba kowace al'umma take da ita ba. Ɗa yana jin nauyin uwarsa, yana jin zafi in ta kira shi da sunan ƙanenta. Jika kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ke tsohuwa, yau kuma ni ne wa?" ya zauna kusa da ita. A koya wa yaran nan abin da yake damun kakarsu. Yaron da ya san ciwon kakarsa ba zai jefi kakar wani ba.

Sa'ad da ta ɗauki ƙunshinta kuma, kada a ce mata, "Innarki ta mutu tun tuni." A gare ta sabon labari ne, za ta yi kuka kamar yau aka yi rasuwar, gobe kuma a maimaita. Gara surukar ta ce, "Inna, ku zauna ku sha fura tukuna, rana ba ta yi sanyi ba. Wai yaya ma sunan rijiyar nan ta garinku?" Ko jika ya karɓi kayan ya ce, "Zo in raka ki," su zaga unguwa, su komo ta ƙofar gida. Sau da yawa kafin a komo, tafiyar ta fita daga ranta. Zumunta a ƙafa take. In hanya ta yi kyau, a kai ta garin nasu da gaske wata rana, ko da ba za ta riƙe ziyarar ba.

Ban manta da mai jiyya ba. Yawanci mace ɗaya ce, suruka ko 'ya, ga yara, ga girki, ga tsohuwar da ba ta barci da dare, wadda kuma take ce mata ɓarauniya a gaban baƙi. In kun ga an kulle tsohuwa a ɗaki, ko an ɗaura mata igiya a ƙafa, kafin ku zagi matar gidan ku tambaya rabonta da barci. Igiyar ba daidai ba ce, tana ƙara wa mai ciwo tsoro da faɗa. Amma abin da zai kwance ta shi ne 'yan'uwan miji su raba kwana, maƙwabta da ƙungiyoyin mata su karɓe ta ko da yini ɗaya a mako. Ɗan da yake Kano ko Legas yana aiko da kuɗi, ya sani kuɗi ba ya tsaron ƙofa da tsakar dare.

Ran 21 ga Satumba kowace shekara, tun 1994, duniya takan tuna da masu wannan ciwo. Jibiya ba ta bukatar babban taro da rumfa da lasifika. Abin da take bukata shi ne mai unguwa ya san gidajen da suke da irin waɗannan tsofaffi. Liman da fasto su faɗi sunan ciwon a gaban jama'a, ko sau ɗaya. Shugabannin tasha su gaya wa direbobi da 'yan kamasho da 'yan acaɓa, tsoho ko tsohuwa da ya zo shi kaɗai, ba kuɗin mota, yana ambaton garin da bai iya kwatanta ba, kada a ɗauke shi, kada kuma a kore shi. A zaunar da shi a inuwa, a ba shi ruwa, a aika wa mai unguwa. Ma'aikatan shinge na gefen nan da jandarmomin wancan gefe su ma a gaya musu. Masu wasan kwaikwayo na rediyo kuwa, da suka daɗe suna ba mu dariya da ruɗaɗɗen tsoho, su gwada ba mu labarin daga wajen tsohon.

Ku kuma masu tsoho a gida, ga aikin da za ku yi a makon nan. Ku ɗauki hotonsa a waya, sabo, wanda za a gane shi. Ku sami ɗan ƙyalle fari, ku rubuta sunansa, da unguwa, da "Jibiya", da boko da ajami. Ku sa lambar waya biyu, ta ɗansa a nan da ta wani dangi a wancan gefe, kowace da lambar ƙasarta a gaba, 234 ta Nijeriya, 227 ta Nijar. Takarda takan jiƙe, laya kuma takan tsinke, don haka a ɗinke ƙyallen a bakin zane ko a wuyan riga daga ciki, a kowace tufar da yake sawa.